Kayan Koyarwa na Kyauta a Intanet

A shekarar 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da haɗin gwiwar UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport mai ɗauke da darussan firamare da sakandare kyauta, wasunsu cikin harshen Hausa. Wannan abin a yaba ne, sai dai bai sauke wa malami nauyinsa ba. Wajibi ne malamin Hausa ya tace duk abin da ya samo daga intanet kafin ya shiga aji da shi, musamman ta fuskar ƙa'idojin rubutu, domin rubutun kwamfuta yakan zubar da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ. Yaron da idonsa ya saba da "kafa" a gurbin "ƙafa", gyara masa sai an sha wuya.