Bidiyo na sanƙarewa a tsohuwar laftof? Ba lallai ne ta mutu ba

Akwai wani hukunci da matasa ke saurin yankewa a kan tsohuwar kwamfuta. Mutum zai buɗe YouTube a laftof ɗin da ya saya ta hannu, bidiyo ya riƙa tsayawa, murya ta wuce hoto, fanka ta kama ƙara kamar injin markaɗe. Ya ɗauko wayarsa, ya buɗe bidiyon nan dai a kan wannan intanet ɗin, ya ga yana tafiya sumul. Shi ke nan, sai a ce laftof ta tsufa, a sayar da ita da arha ko a jefa ta ƙarƙashin gado. Wannan hukunci a mafi yawan lokuta kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin kuɗi, musamman ga ɗalibin da ita ce kaɗai abin da yake koyon aiki da shi.

Dalilin da ya sa waya ke cinye laftof a nan ba wai ta fi ta ƙarfi a komai ba ne. Kowane bidiyo a matse yake zuwa, kuma salon matsewar ana kiransa kodek. Tsohon salon da ya daɗe yana aiki shi ne H.264. Daga baya YouTube ya karkata ga VP9 na Google, sannan AV1, saboda suna ba da hoto mai kyau da data kaɗan. Yawancin wayoyin yanzu suna da wani sashe na musamman a cikinsu wanda aikinsa kawai warware irin wannan bidiyon. Laftof mai firosesar Intel ta zuriya ta biyu zuwa ta huɗu, wato na shekarun 2011 zuwa 2014, tana da irin wannan sashe, amma H.264 ya sani. Cikakken tallafin VP9 a Intel sai a zuriya ta bakwai, na AV1 kuwa sai a ta goma sha ɗaya. Don haka idan YouTube ya aiko wa tsohuwar laftof VP9, firosesa ce za ta ɗauki dukan nauyin ita kaɗai. Ta yi zafi, ta rage gudu don kare kanta, bidiyo ya fara tsalle.

Gano hakan ba ya buƙatar mai gyara. A danna ɓangaren dama na linzami a kan bidiyon, a zaɓi Stats for nerds. A layin Codecs, idan an ga avc1, H.264 ne, vp09 shi ne VP9, av01 shi ne AV1. A sama kuma akwai adadin hotunan da aka zubar, inda aka rubuta dropped. Idan wannan adadi yana ta hawa alhali Buffer Health a cike yake, to matsalar ba ta netwok ba ce, kwamfutar ce ta kasa warware bidiyon. Idan kuwa Buffer Health ne ke faɗuwa sifili, laifin na intanet ne, kuma sabuwar laftof ma haka za ta yi.

Maganin na farko kyauta ne. Akwai ƙaramar manhaja da ake liƙa wa burauza mai suna h264ify, wadda ke tilasta wa YouTube aiko da H.264. Sai kuma a shiga Settings na Chrome, a ɓangaren System, a tabbatar maɓallin acceleration a kunne yake, domin shi ne ke ba burauza izinin miƙa aikin ga sashen bidiyo. Wanda ke son tabbaci ya rubuta chrome://gpu a wurin adireshi, ya duba layin Video Decode. A rage inganci zuwa 720p, a guji masu 60 a gefensu. Yawancin laftof na wancan zamanin allonsu 1366 da 768 ne, saboda haka neman 1080p a kansu wahalar banza ce. Gaskiya ne H.264 ya fi cin data a inganci iri ɗaya, kuma a YouTube ba ya wuce 1080p. Ga mai sayen data da gumin goshinsa, wannan abin lura ne, amma komawa 720p ko 480p yana rage gibin.

Sauran matsalolin ma ƙanana ne. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska, kuma laftof da aka ɗora a kan katifa ba ta numfashi. Share fanka da sabunta man da ke tsakanin firosesa da abin sanyaya ta yana dawo da gudun da aka ɗauka ya tafi har abada. Danna Shift da Esc a Chrome yana nuna shafin da ke cinye RAM. Wanda yake da 4GB bai kamata ya bar shafuka ashirin a buɗe ba. Sannan akwai saƙon nan mai tsoratarwa da ke cewa haɗin ba shi da tsaro a kusan kowane shafi. Sau da yawa agogon kwamfutar ne ya koma baya saboda ɗan batirin da ke riƙe lokaci ya mutu. A gyara kwanan wata, a canza batirin, shafuka su buɗe. Mutane da dama sun biya kuɗin sake loda Windows gaba ɗaya a kan wannan.

Sai dai masu cewa tsohuwar kwamfuta haɗari ce suna da tasu gaskiyar, kuma a nan ne ya kamata hankali ya koma. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Chrome 109, wanda ya fito a farkon 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7 da 8.1. Windows 10 ma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 yana neman TPM 2.0 da firosesar Intel ta zuriya ta takwas zuwa sama, abin da ya bar ɗimbin laftof na hannu a waje. Burauzar da ba a sabuntawa ƙofa ce a buɗe. Kallon bidiyo da ita wani abu ne, shiga asusun banki ko imel da ita wani abu ne daban. Haka kuma duk shafin da ya ce sai an sauke Flash Player kafin bidiyo ya buɗe, tarko ne: Adobe ya rufe Flash tun ƙarshen 2020.

Amma ko wannan ba hujjar yar da na'urar ba ce. Hujja ce ta canza abin da ke kanta. Linux Mint, musamman samfurin Xfce, kyauta ne, ba shi da nauyi, kuma yana zuwa da Firefox na yanzu mai samun sabuntawa. Ana iya gwada shi daga filash ba tare da goge komai ba. Idan aka haɗa da SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa, laftof ta 2013 za ta ɗauki darasin YouTube, rubutun aikin makaranta da koyon HTML ko Python ba tare da kuka ba. Wanda aikinsa ya dogara da wata manhaja da Windows kaɗai take gudu, ko mai haɗa bidiyo mai nauyi, shi ne yake da uzurin neman sabuwa.

Abin da ya dace ya zama al'ada shi ne bincike kafin hukunci. Minti goma a Stats for nerds sun isa su raba laifin netwok da na kodek da na zafi. Mai laftof ɗin da ya yi wannan ya san abin da zai faɗa wa mai gyara, ya san abin da bai kamata ya biya ba, kuma kuɗin da ya so ya zuba a sabuwar na'ura zai iya komawa SSD da data na wata da watanni.