A Auna Tazarar Mai Shi da Mara Shi Tun Kafin Ta Faɗaɗa

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka tazarar da ke tsakanin mai hannu da shuni da talaka take, tana da alamunta. Masana tattalin arziki sukan tara alƙaluman shekaru masu yawa na tsadar kaya, da darajar Naira, da rashin aikin yi, su duba yadda kowannensu ya taɓa rabon dukiya a baya, sa'an nan su yi kirdadon abin da zai biyo.

Bauchi ta sha ganin wannan. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, kaya suka yi tashin gwauron zabo, manomi kuwa bai sami ko anini ba. Da aka karya darajar Naira a 1986, masana'antu masu dogara ga kayan waje, irin su Steyr mai haɗa taraktoci a Bauchi, suka shiga matsi. Da aka janye tallafin mai a 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Kowane karo mai fili da gidan haya dukiyarsa ƙara daraja take yi, shi kuwa wanda abinci ke cinye samunsa sai ya ƙara nutsewa.

To, amma kirdadon da aka gina kan jimillar ƙasa yakan ɓoye gaskiya. Rahoton Hukumar Ƙididdiga na 2019 ya sa talauci a kashi 40 cikin ɗari a Nijeriya baki ɗaya, alhali na Legas bai kai kashi 5 ba, na Jihar Bauchi kuwa ya haura 61. Wannan ratar ce ta kai 'yan Arewa Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal, kuma su ne shaida cewa kuɗin da suke aikawa gida ba ya sayen mudun da yake saye a da.

Saboda haka ya wajaba Gwamnatin Jiha da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa su riƙa rubuta farashin kasuwannin Wunti da Muda Lawal wata-wata, su yi wa jihar nata lissafin. Ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu kuma su matsa wa wakilansu lamba: kada a zartar da wata manufa sai an bayyana wanda zai ci riba, da wanda zai ɗauki asara.