Waiwaye: Ranar da Aka Auna Maganaɗisun Rana

A 1908, a kan tsaunin Wilson da ke Kalifoniya a Amurka, George Ellery Hale ya yi abin da har yau nake jinjina masa: ya auna ƙarfin maganaɗisun Rana, alhali tsakaninsa da ita kilomita miliyan 150 ne. Ba abin da ya zo hannunsa sai haske. Madubai a saman hasumiya mai tsayin ƙafa 60 suka tura hasken cikin wata rijiya, inda na'ura ta baje shi launi-launi kamar bakan gizo. A cikin launukan akwai siraran baƙaƙen layuka. Tun 1896 Pieter Zeeman, mutumin Holan, ya nuna cewa maganaɗisu mai ƙarfi kan tsaga layi guda ya koma biyu ko uku. Hale ya duba baƙaƙen tabon da ke fuskar Rana, sai ga layukan a tsage. Lissafinsa ya ba da ƙarfin maganaɗisu na gaus kusan 3,000. Na duniyarmu wajen rabin gaus ne.

Abin da ya biyo baya ya fi tsaya mini a rai. Da ya ɗanɗana nasara, sai ya nemi auna maganaɗisun Rana baki ɗayanta, kuma a 1913 ya sanar da kusan gaus 50. Bai dace ba. Nesa da tabon, tsagewar layin ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ga shi da ido ake auna ta a jikin hoton gilashi, mai aunawar kuma ya san abin da ake fatan gani. Hale ba maƙaryaci ba ne. Ya ɗora wa ma'auninsa kayan da suka fi ƙarfinsa ne, kuma duk mai bincike yana iya faɗawa wannan rami, musamman wanda ya saba dacewa.

Hale ya rasu a 1938 ba a warware maganar ba. Sai a farkon shekarun 1950 Harold Babcock da ɗansa Horace suka ƙera na'urar da ta karɓe aikin daga ido ta miƙa wa lantarki. Suka samu wajen gaus ɗaya kacal a ƙuryar Rana ta arewa da ta kudu. Da ita kuma aka ga ƙuryoyin biyu sun yi musanyar maganaɗisu tsakanin 1957 da 1958.

Jikanyar wannan na'ura tana cikin kumbon SDO da NASA ta harba a 2010, tana zana taswirar maganaɗisun fuskar Rana duk bayan daƙiƙa 45.