Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tsibirin Roba Ba Zai Wanke Tafki Ba

Maudu'inmu na wannan mako shi ne ƙananan tsibiran nan da ake ƙerawa a saki a kan tafki, waɗanda ake ta yaɗa hotunansu ana cewa wai an samo maganin gansakuka. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Bari mu fara ba fasahar haƙƙinta. Ana haɗa wani abu mai kama da katifa da roba ko gora, a dasa ciyayi irin su jema a kai. Saiwoyin suna reto a cikin ruwa suna tsotse sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda su ne abincin gansakuka. Ƙananan halittun da ke manne a jikin saiwoyin ma suna nasu aikin, inuwar tsibirin ta rage wa gansakuka hasken rana, kifi kuma ya samu maɓoya. Duk wannan gaskiya ne, kuma a kududdufi ko ƙaramin tafkin cikin gari ana ganin amfaninsa.

Amma akwai tambayar da masu tallar ba sa son ji: daga ina waɗannan sinadarai suke zuwa? Daga takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, da kwatami, da masai, da dagwalon masana'antu.

A 2007 gansakuka ta mamaye tafkin Taihu na ƙasar Sin, mutum kusan miliyan biyu a birnin Wuxi suka rasa ruwan sha. A watan Agustan 2014 aka hana mutum sama da 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kwana uku, saboda gubar gansakukar tafkin Erie, wadda takin gonaki ya ciyar ta kogin Maumee. Faɗin wannan tafki ya haura murabba'in kilomita 25,000. Tsibiri nawa za a jera a kai? Shi ya sa a 2016 Amurka da Kanada suka nufi tushen matsalar, suka amince a rage fosfaras ɗin da ke shiga tafkin da kashi 40 cikin 100.

Sannan ciyawar tsibirin sai ana yanke ta ana kwashewa. In aka bar ta ta ruɓe a ruwa, duk abin da ta tsotsa ya koma inda ya fito, an kashe maciji ba a sare kansa ba. A ƙasar da famfon tuƙa-tuƙa ke lalacewa ya shekara babu gyara, wa zai riƙa shiga kwale-kwale yana wannan yanka? Ku tambayi masuntan Hadeja da Nguru yadda kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa, za ku san ciyawar ruwa ba abin wasa ba ce.

Tsorona shi ne gobe wani ya kawo mana wannan a matsayin kwangila, a ɗauki hoto, a yi tafi, alhali kogin Jakara na nan yana kwasar ƙazantar Kano yana kai wa masu noman rani. A fara tace ruwan kwatami, a tilasta wa masana'antu tace dagwalonsu, a koya wa manomi zuba taki daidai buƙata. Bayan nan a kawo tsibirin, mu ma za mu yi tafin.

Wanda ke da ja, fili nasa ne, amma ya zo da hujja. Allah ya sa mu dace.