Turto Ba Ya Maye Gurbin Harawa

Duk shekara idan rani ya tsananta, daga watan Fabrairu zuwa Mayu, ciyawa ta ƙone a bakin kogin Binuwai, kuka ɗaya ake ji a kasuwannin Pitowa da Adumri da Gashiga: man shanu ya yi ƙaranci, ya yi tsada, wanda ake kawowa kuma ba shi da launi da ƙamshin na damina. Masu sarinsa su tsallaka da shi Mubi ko Yola su suka fi kowa jin abin a aljihu. Da yawanmu mukan ɗora laifin a kan matan Fulani, mu ce sun zuba wa nono ruwa. To amma mu a ganinmu, wani kaso na laifin yana rumfunanmu, inda ake sayar da abincin dabbobi.

Kwanakin baya wani makiyayi ya bugo mana waya a shirinmu na rediyo, ya ce: "Malam, na sayar da ɗan maraƙi na sayi turto da dusar masara, na rage harawa saboda tsada. Madara ta ƙaru a ƙwarya, amma uwargida ta kaɗa nono har hannu ya gaji, curin mai bai kai rabin na da ba." Ya ce mai rumfar da ya saya wajensa ya ba shi shawarar ya riƙa yayyafa man girki a kan dusar, wai mai shi ke kawo mai. Wannan shawara ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin kuwa ita ce za ta ƙarasa kashe masa kasuwa.

Saniya ba kwalba ba ce da za a ɗura mata mai ta baki ya fito ta hantsa. Kusan rabin man da ke cikin madara hantsar ce ke ƙera shi da kanta, kuma kayan aikinta suna zuwa ne daga tumbi, inda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke narkar da ciyawa da kara da harawa. Sauran rabin ne ke zuwa ta jini, daga man da ke cikin abinci da kitsen jikinta. Saniyar da ke samun abin tuƙa tana yawan haɗiyar yawu, yawun nan kuma shi ke hana tumbi yin tsami. Idan aka rage mata harawa aka cika ta da gari da dusa, tumbin ya yi tsami, halittun da ke aikin ciyawa su raunana.

A nan ne mai yake zama matsala. Man angurya da na gyaɗa da na waken suya mai ruwa-ruwa ne, ba ya daskarewa, kuma kusan rabin man angurya wani sinadari ne da masana ke kira linoleyik. A tumbi mai lafiya, halittun nan suna juya shi ya koma irin mai daskarewa kafin ya wuce hanji. A tumbi mai tsami kuwa aikin yakan kauce hanya, a samu wani sinadari da ake kira CLA, wanda ɗan kaɗan daga wani nau'insa ya isa ya hana hantsa ƙera mai. Dale Bauman da abokan aikinsa na Jami'ar Konel a Amurka su suka tabbatar da haka a shekarar 2000, kuma an ga man madara yana iya faɗuwa har da rabi alhali yawan madarar bai ragu ba. Abin da ya sami mai kiran namu ke nan, bai taɓa jin sunan Amurkawan ba amma ƙwaryar matarsa ta gaya masa.

Kada a yi mana mummunar fahimta, ba mu ce turto ba shi da amfani ba. Tun da aka kafa kamfanin Sodecoton a 1974, tunkuzar anguryar da ke fitowa daga matatun mansa na Garwa da Marwa ta ceci garkuna da yawa a lokacin rani. An riga an tatse mafi yawan mansa, abin da ya rage abinci ne mai gina jiki, kuma kaɗan daga cikinsa yana taimaka wa tumbi ya narkar da busasshen karan dawa. Wato mahaɗi ne, kamar miya a kan tuwo. Tunkuzar da aka matse da ƙaramin inji kuwa ta fi riƙe mai, ga shi a kasuwa duk suna ɗaya muke ba su, farashi ne kawai ya bambanta. Masana kiwo sun ce kada jimillar mai ta wuce kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na busasshen abincin saniya. Angurya ɗanya kusan kashi 20 cikin ɗari mai ce, sai dai ɓawonta da audugar jikinta suna sa man ya fita a hankali, don haka saniya mai nauyin kilo 300 tana iya ɗaukar kilo ɗaya da rabi a yini. Ƙananan maruƙa kam a nesanta su da ita, akwai guba a ciki da tumbinsu bai kai ga jurewa ba.

Masu sarin man shanu ma akwai abin lura. Man saniyar da ta ci ɗanyar ciyawa ya fi laushi da rawaya, na wadda ta ci angurya ya fi tauri da fari. Sau nawa muka ga an mayar wa mace kayanta a kasuwa, an ce ta gauraya shi da kitse, alhali abincin da mu muka sayar wa mijinta ne ya taurara shi?

Shanunmu, Gudali da Bunaji da Rahaji, ba su kai na Turai yawan madara ba, amma madararsu ta fi mai, kusan kashi 5 cikin ɗari, na Turai farare da baƙi kuwa ba su cika kaiwa 4 ba. Wannan man shi ne jarin mai tallar kindirmo da mai sarin man shanu, kuma shi ne kuɗin da makiyayi zai dawo ya saya turto da shi a mako mai zuwa. Mai rumfar da ya tura buhu uku inda ɗaya ya isa ya ci ribar rana guda, amma abokin cinikinsa zai daina zuwa kafin ruwan farko. Muna kira ga shugabannin kasuwa su sa a riƙa bambanta turto na kamfani da na ƙaramin inji, mai rumfa kuma ya tambayi mai saye ko yana da kara da harawa a gida kafin ya auna masa.

Mai kiran namu mun ce ya bar zancen man girki, ya rage dusar, ya raba turton safe da yamma, ya mayar da harawar wake. Mun gaya masa kada ya yi gaggawa, tumbi yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya daidaita.