Lissafin kai kafin barci

 Ga kaka ta zo. Kowa yana ƙidayar dammansa kafin ya sa su rumbu. Makiyayi kuma ba ya barci sai ya ƙidaya bisashensa. A wannan wata za mu yi magana kan wani lissafi da ya fi waɗannan nauyi, wato lissafin da mutum yake yi wa kansa. Malamai suna ce masa muhasaba.

Alƙur'ani ya nuna mana rai iri uku. Akwai rai mai yawan umurni da mugun aiki, an ambace shi cikin Suratu Yusuf, aya ta 53. Akwai rai mai zargin kansa idan ya yi laifi, yana cikin Suratul Ƙiyama, aya ta 2. Akwai rai mai natsuwa, yana cikin Suratul Fajri, aya ta 27. Rai ɗaya ne, halinsa ne yake sakewa. Wanda aka bari sakaka yana zama na farko. Wanda ake tsarewa yana hawa zuwa na uku.

An yi wani malami a Bagadaza, ƙasar Iraƙi, sunansa Harisu. Ya rasu a shekara ta 857. Saboda yawan bin diddigin kansa aka yi masa laƙabi da Almuhasibi, wato mai yi wa kansa lissafi. Bayansa aka yi Imamu Gazali, mutumin Ɗusa a ƙasar Iran, wanda ya rasu a 1111. Littafinsa Ihya'u Ulumiddini sananne ne ga malaman zaurukanmu. A ciki ya kwatanta mutum da ɗan kasuwa, ransa kuma abokin cinikinsa ne wanda ba a sakin jiki da shi. Farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli su ne riba, saɓo shi ne hasara.

Gazali ya jera matakai 6. Na ɗaya, bayan sallar asuba ka kafa wa ranka sharaɗi: yau ba ƙarya, ba cuta. Na biyu, ka tsare shi wuni duka, kana tuna Allah yana ganinka. Na uku, da dare ka yi masa lissafi. Na huɗu, in ya saɓa ka hore shi. Na biyar, ka tilasta shi ga aikin alheri ko yana ƙyuya. Na shida, ka riƙa yi masa faɗa, kada ka ba shi gaskiya kullum.

To ina ake gane wanda ya tsare ransa? A masallaci kowa mutumin kirki ne, domin idon jamaʼa yana kansa. A inda ba mai gani ake ganewa.

Ga manomi gaban dammansa. Idan hatsin damina ya kai nisabi, zakkarsa ɗaya ce cikin 10. Wanda aka shayar da wahalar ɗibar ruwa, ɗaya cikin 20. Ba wanda ya san yawan dammanka sai kai. Rai zai ce maka: bana ba ta yi kyau ba, bari sai baɗi. Ko ya ce ka fid da damin da tsuntsu ya ci. Nan ne wurin tsaro.

Ga makiyayi. Tumaki ko awaki 40 ana fid da ɗaya, shanu 30 ana fid da maraƙi. Ga shi kuma da dare kusa da gonar da ba a kwashe ba, mai ita yana barci a gari. Rai zai ce: ka bar su su ɗan taɓa. Manomi shi ma ransa yana ce masa ya ƙara kunya biyu cikin burtali. Kun san inda irin wannan take kai mu: faɗa, rauni, wani lokaci har rasa rai. Kafin magana ta kai gaban maigari, ta riga ta faru cikin zuciyar mutum ɗaya da bai tsawata wa kansa ba.

Ga mai awo a kasuwa, da tiyar saye daban, ta sayarwa daban. Sura ta 83 ta buɗe da gargaɗi mai tsanani ga masu tauye mudu.

Saboda haka, ɗan uwa, yau da dare kafin ka kwanta, ka tambayi kanka abu uku. Me na bari cikin abin da Allah ya wajabta mini? Haƙƙin wa na ci? Me harshena ya faɗa? Wanda ya iya rubutu ya sa a takarda, domin rai gwanin mantuwa ne idan bashi yana kansa.

In ka iske laifi tsakaninka da Allah, ka tuba. In haƙƙin mutum ne, tuba kaɗai ba ta isa ba, sai ka mayar ko ka nemi yafewarsa. Tiya ɗaya ce, kai masa. Ɓarnar gona ce, je ka faɗa da bakinka tun ba a biyo sawu ba. Da wuya a ranar farko. Amma ɗan maraƙin da aka saba wa igiya tun yana ƙarami, ba ya wahal da mai shi ranar huɗa.

Allah ya ba mu ikon kanmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.