Manhajar cikin inji: kada a sabunta da ka, kada kuma a ƙi

Ƙananan injinan sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa, waɗanda ake kira CNC, sun yi arha har matashi mai ɗan jari na iya yin odar ɗaya daga Sin ya riƙa zana suna a katako ko yanka allon shago. Da yawansu suna zuwa da ƴar na'urar hannu mai allon taɓawa kamar salula, wadda da ita ake matsar da bakin injin, a zaɓi aiki daga katin memori, a tayar ko a tsayar. A cikinta da cikin injin akwai manhajar da ba a gani, ita ce ƙwaƙwalwarsu. Ra'ayina shi ne duk mai irin wannan inji ya koyi sabunta manhajar nan da hannunsa.

Mutanenmu kashi biyu ne. Wasu na cewa tunda yana aiki, a ƙyale shi. Wasu kuma da sun ga sabon zubi a intanet sai su ɗora. Na farko suna zaune da kurakuran da aka riga aka gyara, na biyu suna iya wayar gari da inji kurma.

Ga misali. Yawancin ƙananan injinan nan da GRBL suke aiki, manhajar kyauta da Simen Svale Skogsrud ɗan Norway ya fara rubutawa a 2009. Da zubi na 1.1 ya fito, an sauya yadda injin ke ba da rahoton inda bakinsa yake, an kuma ƙara umarni na musamman na matsar da shi da hannu. To, wanda ya sabunta injin ya bar na'urar hannu da tsohuwar manhaja, ka ga ai ya haɗa mutum biyu da ba sa jin yaren juna.

Abin lura bai fi uku ba. Kafin komai a tura wa injin alamar $$, zai jero duk saitinsa, a kwafe a takarda, domin sabuntawa na iya share su, kuma lamba ɗaya in ta sauya, milimita 10 ba za ta ƙara zama 10 ba. Na biyu, a tabbatar fayil ɗin na wannan samfurin ne daidai. Na uku, kada a fara sai da batir ko sola, don in kuran ya ɗauke ana tsaka da aiki, na'urar na iya ƙin tashi. Mun san halin wutarmu lokacin zafi.

Kuma wallahi komai kyan manhaja, maɓallin tsayawa na kan allo bai kai jan maɓallin da ke yanke wuta kai tsaye ba. Allo kan daskare, yatsa kuwa ba ya tsirowa.

A matsayina na malamin lakwal, ina kira ga cibiyoyin koyon sana'a su sa wannan cikin darasi. A Lome, Afate Gnikou ya haɗa injin buga kaya na 3D da tarkacen kwamfuta a 2013, saboda ilimin a buɗe yake. Mai saye kuma ya tambayi ɗan kasuwa tun kafin ya ba da jikarsa: wace manhaja ce ciki, a ina ake samun sabuwarta? In ya kasa amsawa, a nemi wani.